Kuɗin Baba Drees

Jiya da yamma na raka wata tsohuwa maƙwabciyata banki a nan birnin Hague na ƙasar Holan. Da muka fito sai ta ɗaga takardarta tana dariya, ta ce: "Ɗana, kuɗin Drees sun shigo." Na ɗauka wani ɗan'uwanta ne ya aiko mata. Ashe fansho take nufi.

Willem Drees, ɗan jam'iyyar Leba ta PvdA, shi ne firaministan Holan daga 1948 zuwa 1958. Tun yana ministan walwalar jama'a ya kawo dokar wucin gadi ta tallafa wa tsofaffi a 1947, sai kuma a 1957 aka fara fanshon AOW na kowa da kowa, mai kuɗi da talaka. Har Baba Drees ake ce masa. A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu 'yan Nazi sun tsare shi a sansanin fursunoni na Buchenwald da ke Jamus, ya fito, ya rayu shekara 101, ya rasu a 1988.

Na ce mata amma ai yaƙin da Holan ta yi don hana Indonesiya samun 'yancin kai ma da gwamnatinsa aka yi. Ta yi shiru na ɗan lokaci, ta gyaɗa kai, ta ce wannan kam tabo ne. Daga nan ta ja ni shago, wai lallai sai ta saya min burodi.