Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Gidan Da Ya Ƙi Faɗuwa

Makon jiya mun tsaya a inda na samu ɗakin haya a Ingila. Asabar ta uku da tarewata, mai gidan, wani tsohon kafinta, ya ce in shiga mota. Tun ranar da ya ji mahaifina magini ne a Zariya yake ɗokin nuna mini wani abu.

Muka nufi wajen Congleton a yankin Cheshire. Ina hango gidan na ce a raina, wannan kam kwanansa ya ƙare. Ya karkace, tsakiyarsa ta lotsa kamar bayan jakin da aka yi wa lodin yashi. Little Moreton Hall ke nan. Rami cike da ruwa ya kewaye shi, sai ta wata 'yar gadar dutse ake shiga.

Wani mai filaye, William Moreton, ya fara gininsa wajen 1504, 'ya'ya da jikoki suka yi ta ƙari har kusan 1610. Gangar jikin duk katako ne, an sassaƙa an cusa wani cikin wani, an datse da ƙusoshin itace. Tsoho ya kama yatsana ya ɗora a kan ɗaya, kanta ya yi sumul. Lotsawar kuwa kwaɗayi ne ya jawo ta: doguwar barandar da suka ɗora a can sama, kusan mita 21, da rufin falalen dutse, ta fi ƙarfin abin da ke ƙarƙashinta. Da na taka cikinta, daɓen yana hawa yana sauka, sai da na dafa bango.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne rubutun saman taga. Kafintan da ya yi tagogin, Richard Dale, ya sassaƙa sunansa a 1559, ya ce da ikon Allah ya yi su. Baba ya yi sama da shekara arba'in yana ɗaura azara, ba soro ko ɗaya da ke ɗauke da sunansa.

Tun 1938 gidan yana hannun National Trust, ƙungiyar da ke kula da wuraren tarihi, su ke tallafe da shi.

Da dare na kira gida. Baba ya saurara har na gama, ya ce, "Katako, shekara ɗari biyar? To su garar garin ina suka tafi?"

Yadda muka ƙare da shi, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.