Hannun hagu ne ke da aikin

Wata uku ke nan ina fama da ɗan gajeren kiɗan piyano: Prelude na 4 na Chopin, mai tsara kiɗa ɗan ƙasar Poland, cikin jerin guda 24 da aka wallafa a 1839. Ranar da na fara ganin kiɗan a rubuce na ce ai wannan wasan yara ne, tunda hannun dama kusan tsakanin maɓallai biyu maƙwabta, B da C, yake ta kai-komo. Ashe ban san dawan garin ba.

A hagu ake danna maɓallai uku tare, sau takwas a kowace gaɓa, kuma yawanci yatsa ɗaya ne kawai ke sauka rabin mataki, wato zuwa maɓallin da ke dab da shi, sauran su tsaya cik. Malamina ya hana ni taka fedal, wato abin da ake takawa da ƙafa don sautin ya daɗe. Ya ce, "Kai dai saurari yatsan da ya motsa." A nan na fara jin yadda haɗin sauti ke rikiɗewa sannu a hankali, abin da littafin ƙa'idoji ya kasa cusa min a kai.

Taushin taɓawa ne ke ba ni wahala. Wuyan hannuna yakan sandare, sai ka ji kamar ana daka a turmi. Ƙanwata har dariya take min. Yanzu bayan la'asar hagu kaɗai nake gwadawa, minti ashirin.