Hawan Kibo a Kan Keke

Tun ina yaro nake jin tsoron Hawan Kibo, doguwar gangarar nan mai kwana-kwana da ke kan hanyar da ta tashi daga garinmu Jos zuwa Akwanga. Duk lokacin da za mu Akwanga ko Abuja a mota, da an wuce Riyom sai mahaifiyata ta yanke hira ta ɗauko carbi, direba ma ya rage rediyo. Saboda haka ranar da na ce zan gangara shi a kan keke in kuma hawo shi ina tuƙawa da ƙafata, ba wanda ya yi murna a gida. Hajiya ta dube ni ta ce, "Kai dai ba ka jin magana." Amma ta sa mini albarka, ta ƙulla mini dabino a leda.

Shekara uku ke nan da na sayi keken tsere na gwanjo, mai siririyar taya. Da farko iyakata Rayfield zuwa Bukuru in dawo. Daga baya na riƙa miƙawa ta Heipang, in wuce filin jirgi har Barikin Ladi. Jos tana kan tudu, kimanin mita 1,200 sama da teku, shi ya sa mutum yake iya tuƙi har hantsi rana ba ta gasa shi ba, abin da ba zai yiwu a Kano ko Bauchi ba. Sai dai a saman tudun ba ka sanin a sama kake. Sai ka je bakinsa.

Mun fita bayan sallar asuba, cikin watan Nuwamba, ni da wani dattijon makanike da ya girme ni da kusan shekara ashirin, wanda ya fara tsere tun ban iya tafiya ba. Sanyi har cikin ƙashi, yatsu ba sa son lanƙwasuwa a kan birki. Kafin ranar sai da muka yi tambaya sosai a kan halin da hanya take ciki. Duk wanda ya san Riyom da Barikin Ladi ya san an sha zubar da jini a yankin, kuma ni ba na fita ranar da ake zaman ɗar-ɗar, ba na kuma ba kowa shawarar ya fita. Wannan abu yana ci mini rai, domin ƙasa ce mai kyau ƙwarai, mutanenta kuma sun sha ba ni ruwa ba su tambayi sunana ba.

A Mararabar Jama'a muka bar hanyar Mangu da Pankshin, muka ɗauki ta Akwanga. Daga nan ƙasa sai ta buɗe. Ga kududdufan da haƙar kuza ta bari, ruwansu shiru kamar ba zurfi, alhali suna cin mutane. Ga gonaki an kewaye su da ƙyarana, an riga an yanke acca, mata sun jera dankalin turawa da kabeji da tumatir a bakin titi. Hanyar ba miƙaƙƙiya ba ce: ka hau, ka gangara, ka sake hawa, kamar ƙasar tana numfashi. Dutsen Riyom na sha ganinsa ta gilashin mota, amma ban taɓa tsayawa na ƙare masa kallo ba sai ranar. Manyan duwatsu ne a ɗore kan juna, ka ce yaro zai ture na saman da yatsa, ga shi kakannin kakanni a haka suka same su.

Sai gangara. Dattijon ya tsaya ya matsa tayoyina da babban yatsa, ya gyara mini igiyar hular kwano, ya ce, "Ɗana, hawa wahala ce kawai. Sauka ita ce ke kisa. Kada ka bi ni, bi hanya."

Ban ji maganarsa yadda ya kamata ba. Tsoro ya sa na damƙe birki ban saki ba tun daga kwanar farko. Iska na kaɗa idanuna suna hawaye, kunnuwana suka toshe, ƙaurin birkin tireloli ya cika hanci, can ƙasa a cikin kwari kuma ga gawar wata babbar mota ta yi tsatsa. Da hannuna ya fara mutuwa na samu wuri na raɓe, na taɓa ƙarfen taya, sai da ya ƙona mini yatsa. Da na ci gaba a haka, zafin na iya fasa tayar a tsakiyar kwana, ga tirela a bayana. Dattijon ya dawo ya same ni ina rawar jiki. Bai yi faɗa ba. Ya ce in matsa birki da ƙarfi kafin kwana, in saki, in bar ƙarfen ya sha iska, in kuma ja jikina baya a kan sirdi. Da haka na ƙarasa.

A ƙasa duniya ta canja. Rigar sanyin da na fito da ita ta zama kaya, itatuwa sun yi duhu, iska ta yi ɗumi. Mun huta a magangarar ruwa ta Assop, kimanin kilomita 60 daga Jos, inda ruwa ke zubowa tsakanin duwatsu. Na tsoma ƙafafuna, na ci dabinon Hajiya, na ɗaga kai na dubi inda muka fito. A ranar na yarda cewa garinmu a bisa dutse yake.

Abin da muka sauka cikin mintuna kaɗan, hawansa ya ci mana fiye da awa guda. Na sa giya mafi sauƙi tun daga tushe, na daina duban sama, ina kallon taya ta gaba ina ƙirga numfashi. Manyan motoci ma rarrafe suke yi, hayaƙi baƙi ƙirin, yaron mota na biye da ƙafa riƙe da guntun katakon tare taya. Akwai wata da muka jera da ita tsawon lokaci, direban ya leƙo ya ce, "Sannu da ƙoƙari, samari!" Sau biyu na tsaya, cinyoyina na zogi. Dattijon bai sa ƙafa a ƙasa ba ko sau ɗaya, yana jirana a sama da gorar ruwa a hannu.

Da iskar tudu ta sake bugun fuskata, sanyinta ya ratsa rigar da gumi ya jiƙa, sai na ciro waya na kira gida. Hajiya ba ta bari na yi sallama ba, ta ce, "Ka hawo?" Na ce na hawo. Ta ce to in sayo mata dankali a hanya, kada in yarda a ba ni ƙanana.