Gidauniyar marubuta wasanni: abin da na koya kafin in ajiye littafin kuɗi

Tun da labari ya bazu cewa na ajiye muƙamin sakataren kuɗi na ƙungiyarmu ta marubuta wasanni 'yan sa-kai, mutane da dama suke tambayata ko saɓani aka samu, musamman waɗanda suka sa kuɗinsu a gidauniyar da muka kafa a ƙarshen 2022. An samu saɓani, kuma tun da ni da bakina na roƙi yawancinsu su ba da gudummawa, haƙƙinsu ne su ji daga wurina yadda al'amarin ya kasance, tare da abin da na fahimta game da tara kuɗin jama'a domin aiki irin namu.

Waɗanda suka san mu tun farko sun san abin da ya sa muka nemi taimako. Labarin ƙwallon Turai ba ya cin kuɗin kowa, domin duk mai waya zai iya kwafo sakamakon Arsenal ko Real Madrid yana kwance a ɗakinsa. Amma wasan da aka buga a filin Sani Abacha da ke Ƙofar Mata, ko a filin Muhammadu Dikko na Katsina, ko a wani fili mai ƙura inda 'yan dagaji suke fafatawa, dole sai wani ya taka ya je, ya zauna cikin rana, ya rubuto abin da idonsa ya gani. A shekarar 2022 ce Kano Pillars, wadda ta ɗauki kofin gasar ƙasa a 2008 sannan ta jera uku daga 2012 zuwa 2014, ta faɗa rukuni na biyu, magoya bayan Sai Masu Gida kuwa suna ƙishirwar jin halin da take ciki a wasannin da ba a haskawa a talabijin. Ga dambe, wanda ba kowa ke damuwa ya rubuta wanda ya yi kisa a turmi na nawa tsakanin Arewa da Kudu da Guramada ba, ga kuma kokawar Nijar da wani ɗan'uwanmu na Maraɗi yake aiko mana da labarinta duk lokacin gasar takobi, wato gasar ƙasa da ake ba zakaranta takobi. Babu wanda ya nemi albashi a cikinmu, alhali malaman makaranta ne da ɗalibai da teloli da masu shagon caji. Abu uku kawai muka rubuta a takardar roƙo: kuɗin mota, kuɗin data, da kuɗin shiga fili ga wanda ba shi da katin 'yan jarida.

Tun kafin sisi ya shigo muka ci karo da tambayar inda za a zuba kuɗin. Manhajojin tara gudummawa na ƙasashen waje irin su GoFundMe ba sa biyan kuɗi zuwa asusun bankin Najeriya, bankin da muka je kuma ya ce ba zai buɗe asusu da sunan ƙungiya ba sai mun kawo takardar rajista daga CAC, hukumar yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, takardar da ba mu da ita. Shugabanmu, wanda ya girme mu duka kuma ya taɓa gabatar da shirin wasanni a wani gidan rediyo, ya ce akwai wani asusunsa da ba ya taɓawa, a yi amfani da shi kafin rajista ta fito. Na kawo shawarar a buɗe asusun haɗin gwiwa wanda ba a cire kuɗi sai mutum biyu sun sa hannu, aka rubuta shawarar a bayanin taro, aka ce za a duba. Haka aka fara aiki, littafi yana hannuna, alat yana shiga wayarsa.

Littafin nan mai dogayen layuka irin na 'yan kasuwa shi ne abin da na fi alfahari da shi a duk zamana a ƙungiyar. Wasu masu gidajen kallon ƙwallo sun yarda su ajiye mana kwali a bakin ƙofa, duk daren Lahadi kuma nakan zagaya in kwaso abin da aka jefa, in ƙirga a gaban mai gidan, ya sa hannu, ni ma in sa. Akwai mai shayin da yake ba da naira 200 duk mako ba fashi, akwai direban adaidaita sahu da yake ba da 500 bisa sharaɗin a riƙa sa sakamakon ƙungiyar unguwarsu, akwai wani mazaunin Saudiyya da yake aikowa ta hannun ƙaninsa. Takardun kuɗin kan zo a cukuikuye, wasu da maiƙon mai, sai in jera su a ƙarƙashin littafin su kwana su miƙe kafin a kai banki. Ko wanda ya jefa kuɗinsa bai faɗi suna ba yana da layinsa, da kwanan wata da sunan gidan kallon.

Shekarar 2023 ta zo mana da abin da ba mu lissafa da shi ba. Takardun da Babban Bankin Najeriya ya sauya wa fasali, wato na naira 200 da 500 da 1000, su ne ainihin waɗanda ake jefa mana a kwali, saboda haka da tsabar kuɗi ta yi wuya a watan Fabrairu, mutumin da ya yini a layin banki ko ya biya mai POS lada mai tsada kafin ya samu na cefane ba zai jefa wa marubuta ko ƙwandala ba. Kwalayen suka bushe. Ba mu gama farfaɗowa ba aka sanar da cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa sama da 500, kuɗin mota ya bi ta. Ga shi kuma Pillars ta dawo babbar gasa a wannan shekarar, abin farin ciki ne, amma yana nufin tafiye-tafiye sun koma Aba da Fatakwal da Ibadan. Kasafin da muka yi wa kaka guda ya nuna alamar ba zai kai rabinta ba.

Cikin wannan ƙunci ne shugaba ya zo mana da albishir cewa wani Alhaji, ɗan kasuwa mai ƙungiyar ƙwallo a ƙaramin rukuni, zai ba mu a dunƙule abin da ya zarce duk abin da muka tara. Ban ƙi a karɓa ba, domin muna cikin buƙata kuma kyauta ba laifi ba ce. Abin da na nema shi ne a sanar da masu gudummawa adadin da sunan mai bayarwa, kuma a rubuta masa wasiƙar godiya da za ta fayyace cewa kyautar ba ta ba shi ikon faɗa mana abin da za mu rubuta ba. Shugaba ya yi murmushi a gaban kowa ya ce mini, "Ƙanena, kai dai riƙe littafinka, hulɗa da manya ba a littafi ake koyonta ba." Na ce, "Yallaɓai, littafin ne zai kare mu ranar da za a tambaye mu." Aka yi dariya, aka wuce batu na gaba, kuma har yau ban san takamaiman nawa ne ya shiga asusun ba, domin adadin da aka faɗa mini da baki ya bambanta da wanda na ji an ambata a bainar jama'a.

Bainar jama'ar kuwa ita ce bikin karramawa da babu wanda ya zauna ya amince da shi. An kama zauren taro mai na'urar sanyaya ɗaki, an lulluɓe kujerun roba da farin yadi, an ɗauko sanƙira da mai hoto, an buga allon talla wanda hoton Alhaji a jikinsa ya fi sunan ƙungiyarmu girma nesa ba kusa ba. An raba allunan yabo ga mutanen da ban taɓa ganin sunansu a littafina ba, aka naɗa Alhaji uban ƙungiya, aka tafa. A makon nan ɗaya daga cikin marubutanmu ya kwana a tashar mota a hanyarsa ta dawowa daga wasa saboda kuɗin da aka tura masa bai kai na masauki ba, da na nemi a cika masa aka ce asusu ya yi ƙasa saboda hidimar taro. Mai shayin nan ba a gayyace shi bikin ba, ni ne na ba shi labari washegari da na je karɓar 200 ɗinsa.

Duk da haka da na haƙura, da ba don abin da aka yi wa ƙaraminmu ba. Ɗalibi ne, kuma a ganina ya fi mu duka kunnen sauraro. Ya je ya zauna da 'yan wasan ƙungiyar Alhaji, suka gaya masa watannin da suka yi ba a biya su alawus ba, ya samu mai tsaron gidansu da ya karye a wasa yana jinya a wurin mai ɗori da kuɗin mahaifiyarsa. Ya naɗi muryoyinsu da izininsu, ya kira sakataren ƙungiyar ya nemi jin ta bakinsa, ya sa abin da ya faɗa a cikin rahoton. Na karanta kafin ya fita, ban ga inda ya ƙara gishiri ba. Rahoton ya fita da dare, kafin gari ya waye an sauke shi. Shugaba ya ce ya yi haka ne don kare yaron daga fushin manya, amma a mako na gaba sunan yaron ya ɓace daga jerin waɗanda ake ba kuɗin mota. Hausawa sun ce in baki ya ci ido kan ji kunya, sai dai a namu lamarin baki ɗaya ne ya ci, aka raba wa idanunmu duka kunyar.

Da ƙarshen kaka ya zo na nemi takardar bayanin asusu daga banki domin in haɗa ta da littafina in fitar da rahoton da muka yi wa jama'a alkawari. Abin da aka kawo mini falle ɗaya ne da aka buga a kwamfuta, mai layi uku: hidimar taro, sufuri, da sauransu, kuma "sauransu" ɗin ya fi sufuri nauyi. Aka ce in sa hannu. Na ƙi. Cikin kwanaki aka cire ni daga masu kula da zauren ƙungiya, aka fara raɗe-raɗin cewa kujerar shugaba nake hari. Dattawa biyu da nake ganin girmansu suka zo har gida suka ce a rufa wa juna asiri, a bar wa Allah. Na gaya musu da ladabi cewa da kuɗina ne da tuni na yafe, amma ba ni da hurumin yafe kuɗin direban adaidaita sahu a madadinsa. Ban ce shugaba ya ci kuɗi ba, kuma ba zan faɗa ba, domin ban ga shaida ba. Abin da na ce shi ne ba a bar ni na gani ba, kuma sakataren kuɗin da aka hana shi gani bai kamata ya sa hannu a kan komai ba.

Abin da na fahimta shi ne, amfanin tara kuɗi daga mutane masu yawa ga marubuci bai tsaya a yawan kuɗin ba. Idan mutum ɗari uku ne suka ɗauki nauyinka da ɗari biyu-biyu, babu ɗaya daga cikinsu da zai iya kiran waya cikin dare ya sa a sauke rahoto, in ma ɗaya ya yi fushi ya janye, aikin ba zai girgiza ba. Wannan 'yancin ne jama'a suke saya mana ba tare da sun ambata ba. Ranar da mutum ɗaya ya ba da abin da ya fi na sauran duka, kuma ya ba da shi ta hannun wanda alat ke shiga wayarsa shi kaɗai, ƙananan masu bayarwa sun zama ado, ana ci gaba da karɓar kuɗinsu amma ba su ake jin tsoron ɓata wa rai ba. Shi ya sa duk wanda zai kafa irin wannan gidauniya nake ba shi shawarar ya rubuta tun ranar farko iyakar kason da za a karɓa daga hannu ɗaya, ya kuma haramta karɓa daga mai ƙungiyar wasa ko jami'inta, ko da kuwa mutumin kirki ne, domin wata rana labarinsa zai zo teburin. Dokar da ba a rubuta lokacin da asusu yake fayau ba, ba za ta rubutu ba bayan babban kuɗi ya shigo, saboda a lokacin kowa ya riga ya san wanda dokar za ta taɓa.

Sauran darussan ba sa buƙatar dogon bayani. A yi rajista kafin a fitar da lambar asusu, ko da za a jinkirta roƙon. A riƙa fitar da rahoton kuɗi duk wata, domin na shekara yana ba da sarari mai yawa. A bar rara a kasafin sufuri, tun da farashin mai a ƙasar nan ba ya shawara da kowa. Gudummawar kowane wata, komai ƙanƙantarta, ta fi ta lokacin ɗoki amfani. Kuma girman shekaru da tsohon suna a rediyo ba su isa su maye gurbin sa hannun mutum biyu ba.

Na miƙa littafin ga mataimakin sakatare a gaban shaidu, bayan na ɗauki hoton kowane shafi, kuma duk wanda ya taɓa ba da gudummawa yana iya zuwa ya ga layinsa. Yaron da aka sauke wa rahoto yana ci gaba da zuwa fili da kuɗin aljihunsa, ni nake duba masa rubutu. Ɗan'uwanmu na Maraɗi har yanzu yana bin ƙungiya kuɗin datar da ya kashe a gasar takobi, na kuma bar wannan bashin a rubuce a shafi na ƙarshe da jan biro. Takardar rajistar da aka ce ana jira ba ta fito ba zuwa ranar da na tafi, lambar asusun da ke jikin sabuwar takardar roƙon da na ga ana yaɗawa kuwa ita ce dai ta da.