Ido Ne Ke Fara Shan Zobo

Shekara takwas ke nan ina da ɗan ƙaramin kamfanin zobo da kunun aya a Kano, ni da ma'aikata shida, muna ɗurawa a gorunan roba muna kai wa masu shaguna. A tsawon wannan lokaci babu abin da ya ɗaure mini kai kamar ƙorafin da ya taso a wani watan azumi, ranar da masu shago uku suka aiko cewa mun rage sukari. Ni nake auna sukari da hannuna, kuma na san ko cokali ɗaya ban rage ba. Abin da ya canza shi ne zoborodon, domin wanda muka saba saye ja ne mai duhu, amma buhun da aka kawo mana a wannan makon ruwansa ya fito da haske.

Ɗan yayana da ke karatun kimiyyar abinci ya saurare ni har na gama, sannan ya ce, "Gwaggo, ai ido ne ya shanye musu zobon kafin ya kai baki." A bakinsa na fara jin sunan Charles Spence, farfesan ilimin halayyar ɗan Adam a Jami'ar Oxford ta Ingila, wanda ya daɗe yana binciken yadda gani da ji da ƙamshi da taɓawa ke haɗuwa a ƙwaƙwalwa su zama abin da muke kira ɗanɗano. A 2004, shi da Massimiliano Zampini sun sa wa mutane na'urar sauraro a kunne suna cin Pringles, wato soyayyen dankalin gwangwani mai ƙarmas-ƙarmas, kuma duk lokacin da aka ƙara ƙarar ƙarmas-ƙarmas ɗin, sai masu cin su ce wannan ya fi zama sabo, alhali daga gwangwani iri ɗaya aka ciro. Aikin ya samo musu kyautar Ig Nobel a 2008, wadda ake bai wa binciken da ke fara ba mutum dariya kafin ya sa shi tunani. Wanda ya fi shafar sana'ata shi ne na 2012, da ya yi tare da Betina Piqueras-Fiszman da wasu, inda aka zuba kayan zaƙi na strawberry a farin faranti da baƙi, mutane suka ce na farin ya fi zaƙi. Ya tattara irin waɗannan a littafinsa Gastrophysics na 2017, kuma manyan masu girki da kamfanonin abinci suna neman shawararsa.

Ban yarda ba sai da na gwada. Bayan an sha ruwa na zuba tsohon zobon da sabon a kofuna masu murfi waɗanda ba a ganin cikinsu, na sa tsinken zuƙa, na miƙa wa ma'aikatana. Babbarsu, wadda da rana ta rantse cewa sabon salam yake, ta zuƙi wannan ta zuƙi wancan, ta yi shiru, sannan ta nuna sabon ta ce shi ne mai zaƙin.

Abu mafi sauƙi shi ne in sayi kala in riƙa ɗigawa, kamar yadda wasu ke yi, amma ban ga dalilin zuba wa mutane rini a abin da Allah ya riga ya rina ba. Yanzu kafin in biya kuɗin buhu sai na jiƙa ɗan kaɗan a farin kofi na duba a hasken rana, idan ya yi haske in gauraya shi da mai duhu. Na kuma gane abin da na daɗe ina gani ba tare da na san dalilinsa ba: sinadarin da ke ba zoborodo launi yana ƙara ja idan ya haɗu da tsami, kanwa kuwa tana mayar da shi baƙi-baƙi, don haka masu zuba kanwa domin kashe tsami suna taɓa launin ma, ba ɗanɗano kaɗai ba.

Spence kansa yana cewa yawancin wannan alaƙa ta launi da ɗanɗano koyonta ake yi, kuma tana iya bambanta daga al'umma zuwa al'umma, shi ya sa ba na ɗaukar sakamakon Oxford in ɗora wa mutanen Kano kai tsaye. A wannan watan kunun aya muke gwadawa, rabi da farar takarda a jikin gora, rabi da takarda mai launin ruwan ƙasa, kuma na roƙi masu shago biyu su riƙa rubuta mini wanda ya fara ƙarewa a firij.