Larabar Toka: inda tuba take tsinkewa

Laraba, 18 ga Fabrairu, 2026

Yau aka shiga azumin kwana arba'in. Daga yau zuwa jajiberin Ista kwana 46 ne, in aka cire Lahadi shida da ke tsakani sai a samu arba'in cif, tunda ba a lissafa Lahadi cikin kwanakin azumi. Tokar da aka shafa wa mutane a goshi da safe, ganyen dabinon da aka riƙe a Lahadin Dabino ta bara ne aka ƙona, aka tankaɗe, aka ɗan jiƙa. Mai shafawa yakan tuna wa mutum cewa shi ƙura ne, ga ƙura kuma zai koma (Farawa 3:19), ko kuma ya ce masa ya tuba ya gaskata bishara (Markus 1:15). Ikkilisiyoyi da yawa ba sa shafa toka, kuma ba abin da ya ragu a cetonsu don haka. Annabi Yowel da aka karanta yau ya riga ya faɗi abin da ake nema: zuciya za a kyakketa, ba tufafi ba (2:13).

Abin da ya tsaya mini a rai tun safe shi ne yadda mutane ke fita daga irin wannan sujada jiki a sanyaye, wasu har da hawaye, amma kafin Juma'a komai ya koma gidan jiya. Ban ɗauka munafunci ne ba. Yawancinsu da gaske suke. Abin da suka rasa shi ne wanda zai zaunar da su ya nuna musu cewa tuba aiki ne mai gaɓoɓi, kuma akwai wuraren da ta saba tsinkewa.

Bulus ya raba baƙin ciki gida biyu a 2 Korintiyawa 7:10: na ibada, mai kai mutum ga tuba da ceto, da na duniya, mai kai wa ga mutuwa. A fuska duk ɗaya suke. Wanda yake so ya ga bambancin ya ajiye sarki Saul kusa da sarki Dawuda. A 1 Sama'ila sura 15, an umarci Saul ya hallaka Amalekawa da dabbobinsu duka, amma ya bar mafi kyawun dabbobin; da annabi Sama'ila ya iso, Saul ya fara da cewa ya cika umarnin Ubangiji. Da aka tambaye shi kukan tumakin da ake ji fa, sai ya ce jama'a ne suka bar su domin hadaya. Da aka matsa, ya ce ya yi zunubi, amma tsoron jama'a ne ya sa shi. A aya ta 30 ya sake cewa ya yi zunubi, nan take ya roƙa a girmama shi a gaban dattawa. Abin da yake wa kuka mutuncinsa ne. Laifin Dawuda kuwa ya fi muni nesa ba kusa ba, ya ɗauki matar Uriya, ya kuma shirya a kashe mijin a bakin daga. Amma da annabi Natan ya ce masa kai ne mutumin, amsarsa gajeriya ce: na yi wa Ubangiji zunubi (2 Sama'ila 12:13). Ba "amma", ba sunan wani a ciki. Don haka tambayar farko da mai tuba zai yi wa kansa ita ce: da na tabbata asirina ba zai taɓa tonuwa ba, abin nan zai dame ni?

Da rana na zauna na jera aikin kamar yadda ya kamata a koyar da shi.

Binciken kai ba ya son gaggawa. Minti 15 zuwa 20 a wurin da ba kowa, waya a kashe, takarda a hannu. A fara da roƙon Zabura 139:23-24, Allah ya bincika ya nuna, domin zuciya in aka bar ta ita kaɗai takan yi wa kanta sassauci. Sai a ɗauki ma'auni daga waje: Dokoki Goma a Fitowa 20, ko ayyukan jiki da 'ya'yan Ruhu a Galatiyawa 5:19-23. A duba tunani, a duba magana, a duba aiki, sannan a duba alherin da aka san ya kamata a yi aka ƙi, wanda Yakubu 4:17 ya kira zunubi ƙarara. Na ƙarshen nan shi aka fi tsallakewa. Wata ɓaraka kuma ita ce mutum ya zauna binciken kansa ya ƙare da jerin laifofin matarsa ko maigidansa.

Furci shi ne wuri na farko da igiya ke tsinkewa. "Ya Ubangiji, ka gafarta mana dukan zunubanmu" addu'a ce mai kyau a taron jama'a, amma a ɗaka ita ce maɓoyar wanda ba ya so ya ambaci komai. Ranar wanka ba a ɓoye cibiya. A faɗi abin da aka yi, da wanda aka yi wa, da sau nawa, da tun yaushe. "Na ɗan yi kuskure a harkar kuɗi" daban yake da "na ƙara adadi a rasit sau huɗu na ci bambancin". Wanda ya kasa faɗin na biyu da bakinsa bai riga ya yarda da shi ba.

Wa zai ji furcin? A nan ikkilisiyoyi sun sha bamban. Katolika na furtawa a gaban fada, wato firist, tare da faɗin irin babban zunubin da adadinsa, kuma tun Majalisar Lateran ta huɗu, babban taron shugabannin ikkilisiya da aka yi a Roma a 1215, aka wajabta yin haka aƙalla sau ɗaya a shekara, aka kuma haramta wa fada fitar da abin da ya ji. Masu bin koyarwar Furotesta na tsayawa a kan 1 Yahaya 1:9, su furta ga Allah kai tsaye. Ko a wurinsu ma Yakubu 5:16 na nan, a furta wa juna a yi wa juna addu'a, kuma a ganina zunubin da ya zama jiki da wuya ya saki mutum muddin ba wani mai rai da ya san da shi. Sai dai a zaɓi mai sauraro da hankali: wanda ya manyanta a bangaskiya, mai riƙe baki, kuma ba wanda kusantarsa za ta zama sabon tarko ba. Faɗin furci ya yi daidai da faɗin laifi. Na ɓoye a zuci tsakanin mutum da Allah ne. Zuwa gaya wa wata mata cewa ka yi sha'awarta a zuci, alhali ba ta sani ba, ɗora mata kaya ne. Wanda aka yi wa mutum, a je wurinsa. Wanda aka yi a bainar jama'a, a gyara a bainar jama'a. Kuma a daina "in na ɓata maka rai ka yi haƙuri". Wannan "in" ɗin ya mayar da laifin kan mai jin zafi.

Wuri na biyu, wanda ya fi cin mutane, shi ne mayar da hakki. Littafin Firistoci 6:1-7 bai bar ƙofa ba. Wanda ya ci amana, ko ya yi ƙwace, ko ya tsinci kaya ya yi rantsuwar ƙarya, zai mayar da abin cikakke ya ƙara kashi ɗaya bisa biyar. Wanda ya ci 100 zai biya 120. A lura da jerin: mai kaya ya fara karɓar kayansa, sannan a kai ragon hadaya. Yesu ya bi wannan jerin a Matiyu 5:23-24, a bar baiko a gaban bagade, a je a shirya da ɗan'uwa tukuna. Zakka, mai karɓar harajin da ya hau itace don ya ga Yesu, ya wuce haka, ya ce rabin dukiyarsa na matalauta, duk wanda ya zalunta kuma zai mayar masa ninki huɗu (Luka 19:8), irin abin da Fitowa 22:1 ta ɗora wa ɓarawon tunkiya. Ba da wannan ya sayi ceto ba, Yesu ya riga ya kira shi ya sauko daga itace kafin ya buɗe baki. Mayarwar ce ta nuna cewa alherin ya shiga gidan.

A aikace ga yadda ake yi. A rubuta adadin ba ragi. In ba a iya biya gaba ɗaya, a je a faɗa, a yanke abin da za a riƙa bayarwa duk wata, a sa rana, a samu shaida. In mai hakki ya rasu, magadansa ne. In an nema da gaske ba a samu kowa ba, Littafin Ƙidaya 5:8 ya ce hakkin ya koma ga Ubangiji, don haka malamai kan ce a bai wa mabukata. Abin da ba ya halatta shi ne mai hakki na raye, ka san ƙofar gidansa, ka kai kuɗinsa coci a matsayin baikon godiya.

Sunan da aka ɓata ya fi kuɗi wuyar mayarwa. Kunnuwan da suka ji ƙaryar su ne za su ji gyaran. Wanda ya yaɗa ƙazafi a zauren WhatsApp mai mutum 200, ya je ya nemi gafara a ɓoye, ya bar mutum 199 da ƙaryar a kansu. A can zai rubuta cewa abin da ya faɗa ba gaskiya ba ne.

Akwai abin da nake so in rubuta da babbar murya. Gafarar Allah ba ta share hukuncin doka, ba ta kuma tilasta wa wanda aka cuta ya sake amincewa. An gaya wa Dawuda an kawar da zunubinsa, amma takobi bai rabu da gidansa ba. Wanda ya ci zarafin yaro ko ya saba dukan matarsa, ya zo yana hawaye yana neman a rufe maganar a mayar da shi kan muƙaminsa, baƙin cikin Saul yake yi. Dattawan da suka matsa wa wanda aka cuta ya yi shiru da sunan gafartawa sun ƙara zunubi a kan zunubi. Mai tuba na gaske yakan yarda a sauke shi, a sa masa ido, a kai maganar inda ya kamata.

Sai toshe hanya. Zunubin da ake maimaitawa yana da lokacinsa, da wurinsa, da abokinsa, da halin da yake samun mutum a ciki: gajiya, kaɗaici, fushi, ko ranar da kuɗi suka shigo hannu. A gano su a datse, a goge lambar, a sauya hanya, a miƙa wa wani makullin asusun. Wannan ne cire ido da yanke hannu na Matiyu 5:29-30. Datsewa kaɗai ba ta isa ba, don gidan da aka share aka bar shi wayam, aljanin ya dawo da bakwai da suka fi shi mugunta (Matiyu 12:43-45). Afisawa 4:28 ba ta tsaya a kan ɓarawo ya daina sata ba, ta ce ya yi aiki da hannunsa har ya samu abin bai wa mabukaci.

Da yamma na koma kan Yahuza, almajirin da ya ba da Yesu, don shi ke nuna cewa ana iya yin kusan duk waɗannan a hallaka. Matiyu 27:3-5 ya nuna ya yi nadama, ya furta cewa ya ba da marar laifi, ya kuma mayar da azurfa 30. Amma wurin manyan firistoci ya kai kayansa, suka ce ina ruwansu, ya fita ya rataye kansa. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku a bakin wutar gawayi, ya yi kuka mai zafi, bai kuwa raba kansa da sauran almajirai ba. A bakin wata wutar gawayi Yesu ya tambaye shi sau uku ko yana ƙaunarsa, ya damƙa masa tumakinsa (Yahaya 21). Tuban da ba ya kai mutum gindin gicciye azabtar da kai ne kawai. Masu lamiri mai rauni su riƙe wannan: Ruhu Mai Tsarki yakan nuna abu takamaimai da mafitarsa, mai ƙarar 'yan'uwa kuwa, wato Shaiɗan (Wahayin Yahaya 12:10), yakan rufe mutum da duhun "kai ba ka da amfani" ba tare da ya nuna abin gyarawa ba. Zunubin da aka furta aka gyara, ba a sake tono shi kowane dare.

To wanda ya tuba ya sake faɗuwa fa? Tambayar ta tsufa. Bayan tsanantawar Disiyus, sarkin Roma, a shekara ta 250, Kiristoci da yawa sun miƙa hadaya ga gumaka don tsira da rai, daga baya suka dawo suna ƙwanƙwasa ƙofa. Nobatiyan, wani firist a Roma, ya ce kada a karɓe su. Sifiriyan, bishop na birnin Kartej, da bishop-bishop ɗin da suka taru a 251 suka ce a karɓe su bayan lokacin tuba gwargwadon laifin kowa, kuma wannan ne ya tsaya. Yesu ya ce ko sau bakwai a yini ɗan'uwa ya dawo yana tuba a gafarta masa (Luka 17:4), ba zai umarce mu da abin da shi ba ya yi ba. Batu na farko cikin 95 da Martin Luta ya rubuta a 1517 cewa yake dukan rayuwar mai bi tuba ce. Hatsarin shi ne mutum ya shiga zunubi da lissafin zai tuba gobe, abin da Romawa 6:1-2 ta ƙi ƙememe. Alamun da ake dubawa su ne ko tazara tsakanin faɗuwa da furci na raguwa, da ko an toshe wata sabuwar kafa bayan kowace faɗuwa.

Don kada lissafi ya taru, Ignatiyus na Loyola, wani firist na Katolika, ya koyar da ɗan binciken dare mai mataki biyar: godiya, roƙon haske, bin yinin sa'a bayan sa'a, neman gafara, da ƙudurin abu ɗaya na gobe. Kwata na awa ya isa. Zaburan tuba bakwai ne, 6, 32, 38, 51, 102, 130 da 143, sun yi daidai da kwanakin mako. Ta 51 aka rera da safe, don haka daren nan ta 32 ce, inda Dawuda ya bayyana yadda ƙasusuwansa suka lalace da nishi duk tsawon lokacin da ya yi shiru.