Yadda Muka Gane Akwatin Fis na Gidanmu Ya Gama Aiki

Akwatin fis ba ya mutuwa rana ɗaya. A hankali yake lalacewa a bayan murfinsa, inda babu mai leƙawa, alhali fitilu na kamawa, firij na aiki, kowa na ganin komai lafiya. Na canza na gidanmu, kuma abin da idona ya gani a cikinsa ya sa ba na iya yin shiru idan na ji wani ya ce nasa bai taɓa ba shi matsala ba.

Namu irin na da ne. Allon katako a baya, babban makunni a gefe, sai jerin mariƙan fis na tangaran, kowanne da siririyar waya ɗaure tsakanin sukurori biyu. Ta fitilu amfiya 5, ta hita amfiya 15, ta soket-soket amfiya 30. Idan wuta ta yi yawa sai wayar ta narke, a zaro mariƙin, a ɗaura sabuwa, a mayar. Haka muka same shi, haka muka ci gaba da zama da shi.

Abin da ya fara jan hankalina wari ne. Bai kai ƙaurin abin da ya kama da wuta ba, wani ƙarni-ƙarni ne kamar na kifi, yana tasowa da yamma a lungun da akwatin yake, ya ɓace da safe. Daga baya na lura yana zuwa ne daidai lokacin da aka haɗa hita da dutsen guga da butar lantarki. Na ɗora bayan hannuna a kan murfin, na ji ɗumi. Na kara kunne, na ji wata 'yar ƙara siririya da ba ta yankewa. Nan take na kashe manyan kayan, na kira mai aikin lantarki wanda yake da takardar shaidar ƙwarewa.

Dattijo ne mai natsuwa. Ya kashe babban makunni, ya gwada da na'urarsa ya tabbatar babu wuta a ɓangaren da zai taɓa, sannan ya fara zaro mariƙan ɗaya bayan ɗaya yana jera su a kan tsumma. Da ya zo kan na soket-soket sai ya miƙo mini. Farin tangaran ya koma ruwan ƙasa, ƙarafan da ke maƙalewa sun yi baƙi ƙirin, sun saki. A cikin akwatin kuma, sukurun da ke riƙe wayar ya yi sako-sako har yana juyawa da ɗan yatsa. Robar da ke jikin wayar ta bushe ta yi tauri, tsawon kamar gaɓar yatsa biyu, da ya taɓa ta da bakin sukurudireba sai ta marmashe ta zube, jan ƙarfen ya fito fili. Katakon da ke bayanta ya yi tabon ƙuna.

Na ce, "Malam, to me ya hana fis ɗin tsinkewa, tun da zafi ya kai haka?"

Ya ce, "Ranka ya daɗe, fis ba ya jin zafin sukuru. Yawan wutar da ke bi ta cikinsa kawai ya sani."

Wannan amsar ce ta buɗe mini ido. Inda haɗin waya ya yi sako-sako, wuta tana matsawa ne ta ɗan ƙanƙanin wuri, wurin ya yi zafi, zafin ya sa ƙarfen ya yi baƙi ya ƙara saki, sakin ya ƙara zafi. Duk wannan yana faruwa ne ba tare da wutar ta haura amfiya 30 ba, don haka a wajen fis babu laifin da aka yi. Kuma zafin ba daidai da nauyin kaya yake ƙaruwa ba: idan wutar da ake ja ta ninka biyu, zafin wurin ya ninka huɗu. Shi ya sa warin ke zuwa da yamma kawai.

Bai gama ba sai da ya nuna mini mariƙin hita. A maimakon wayar fis, wani da ya zauna a gidan kafin mu ya murɗa jan ƙarfe mai kauri, ninki biyu, ya ɗaura. Da alama fis ɗin ya dame shi da tsinkewa, sai ya yi masa maganin da ba zai sake tsinkewa ba. Wannan ne babban aibin irin wannan akwatin: kowa na iya sa abin da ya ga dama a ciki, kuma daga waje ba za a gane ba. Aikin fis shi ne ya zama wuri mafi rauni a layin, ya narke kafin wayar da ke cikin bango ta yi zafi. Idan aka ƙarfafa shi, wurin rauni ya koma cikin bango ko cikin silin. Ko da wayar fis ɗin daidai ce ma, irin wannan na ɗaurawa yakan jure wuta har kusan ninki biyu na lambar da ke jikinsa kafin ya narke, alhali bireka na zamani, wato makunnin da ke faɗuwa da kansa idan wuta ta yi yawa, an ƙera shi ya katse cikin awa guda idan wuta ta kai ninki 1.45. Bireka ma ba sabon abu ba ne, tun 1924 Hugo Stotz ya yi rajistar ƙirarsa a Jamus. Yana da ɗan ƙarfe da ke lanƙwashewa idan ya ɗumama, da maganaɗisu da ke fizge makunni nan take idan wayoyi biyu suka haɗu.

Da ƙuna ce kaɗai matsalar, da ana iya yanke wayar da ta lalace a gyara wurin. Abin da ya sa na yanke shawarar canza akwatin gaba ɗaya wani abu ne da babu shi a ciki sam, wato na'urar gano yoyon wuta, wadda ake kira RCD. Fis da bireka waya suke karewa. Ba su san da mutum ba. Jikin ɗan Adam yana fara jin wuta tun daga miliamfiya 1, wato kashi ɗaya cikin dubu na amfiya. A wajen miliamfiya 10 hannu na iya ƙanƙame abin da ya riƙe ya kasa saki. Abin da ya haura miliamfiya 30, idan ya ɗan jima yana bi ta ƙirji, yana iya rikita bugun zuciya. Fis na amfiya 30 kuwa ya ninka wannan sau dubu. Yaro zai iya taɓa wayar da ta tsage, wuta ta ja shi, fis ɗin na nan daram. RCD tana auna wutar da ta fita ta waya mai wuta da wadda ta dawo ta ɗaya wayar. Muddin sun yi daidai, shiru. Da zarar an sami giɓin miliamfiya 30, alamar wuta na zurarewa ta wani wuri, ko ta jiƙaƙƙen bango ko ta jikin mutum, sai ta katse cikin ƙasa da sulusin daƙiƙa, sau da yawa ma da sauri fiye da haka. Gidan da ake da yara da banɗaki mai hita da soket a tsakar gida, a ganina wannan dalilin kaɗai ya isa.

Akwai kuma batun nauyi. An kafa akwatin ne lokacin da kayan wutar gida ba su wuce fitilu da rediyo da dutsen guga ba. Yanzu butar lantarki mai wat 3000 ita kaɗai tana jan amfiya 13 a wutar bolt 230. Duk wanda ya ƙara ɗaki ko na'urar sanyaya ɗaki a tsawon shekaru, da bai sami gurbi ba, sai ya cusa wayarsa a ƙarƙashin sukurun wani fis. Mun tarar da wayoyi uku a rami ɗaya.

Sai dai ba kowane tsohon akwati ne ya cancanci cirewa ba, kuma ina jin haushin yadda ake tsorata mutane da shekaru kawai. Akwatin da yake da birekoki da RCD mai aiki, babu tabon ƙuna, babu tsatsa ko alamar ruwa, murfinsa bai fashe ba, kuma ya ci gwaji, babu dalilin taɓa shi don kawai an fito da sabon samfuri. Haka nan yawan katsewa ba hujja ba ce. Sau da yawa bireka da ke faɗuwa aikinsa yake yi, laifin na wata na'ura ce da ta lalace ko layin da aka yi wa lodi. A cire kayan daga soket, a mayar da su ɗaya bayan ɗaya, mai laifin zai bayyana. Wanda ya canza akwati saboda wannan, sabon ma zai ci gaba da faɗuwa. Bireka da ya ƙi tsayawa ko da an cire komai, ko wanda ya yi laushi ba ya ƙarar kamawa, ko yake zafi a hannu, shi ne abin dubawa.

Abin da ya fi burge ni da dattijon nan shi ne ya ƙi sa rana sai ya gwada wayarin gidan duka. Ya ce sabon akwati ba ya gyara tsohuwar waya, asirinta kawai yake tonawa. Ya raba layukan, ya tura wutar gwaji ta bolt 500 a kowanne don ya ga ko rufin wayoyin na riƙewa, abin da ake nema kada ya gaza megohm 1, a ma'aunin yadda rufi ke tare wuta. Ya bi wayar ƙasa, wadda ke kai yoyon wuta cikin ƙasa, daga akwati zuwa kowane soket. Ya gano soket guda da wayar ƙasarsa ta tsinke a baya, da fitilar waje da ruwa ya shiga, da fitilar matakala da aka ɗauko mata wuta daga wani layi aka mayar ta wani layin dabam. Tsohon fis bai damu da ko ɗaya ba, amma RCD da ta riƙa faɗuwa tun daren farko. Mun yi sa'a wayoyinmu masu rufin PVC ne, sun ci gwajin. Da irin masu rufin baƙin danko ne na kafin shekarun 1960, waɗanda ke farfashewa idan an lanƙwasa su, da sai an sake wayarin gidan tukuna.

Wajen zaɓe, ya ba ni hanya biyu. Ko RCD ɗaya ko biyu su tsare layuka da yawa, ko kowane layi ya sami nasa RCBO, wato bireka da RCD a jiki guda. Na farkon ya fi sauƙin kuɗi, amma laifin soket ɗaya zai kashe rabin gida, har da fitilu da firij. Na zaɓi na biyun. Na kuma nemi akwatin ƙarfe maimakon na roba, don idan haɗi ya yi zafi a ciki gobarar ta tsaya a ciki. A Birtaniya tun watan Janairun 2016 ƙa'idar wayarin gidaje ta wajabta akwatin da ba ya kamawa da wuta. Muka ƙara na'urar da ke kare kayan gida idan wuta ta zo da ƙarfi farat ɗaya, muka bar gurabe biyu babu komai saboda gaba.

Aikin ya ci kusan wuni guda babu wuta. Duk mai tunanin yin wannan da kansa ya san cewa kashe babban makunni ba ya kashe kakkaurar wayar da ta shigo daga mita, bakinta na nan da wuta a cikin akwatin, taƙi ɗaya daga hannunka. Sai an katse daga can baya, kuma a wurare da yawa kamfanin wuta ne kaɗai ke da izinin taɓa wannan ɓangaren. Na tsaya ina kallo yana ɗaure kowane sukuru da sukurudireba mai auna ƙarfin ɗauri, wadda ke yin ƙas idan ya kai, sannan ya ja kowace waya ya ji ta kama. Ya sake gwada layukan, ya auna saurin katsewar kowane RCBO, ya rubuta sunan kowane layi a ƙarƙashinsa, ya ba ni takardar sakamakon gwajin da sa hannunsa. Kada a biya cikon kuɗi sai an karɓi wannan takardar.

Ba a jima ba layin soket ya faɗi ana cikin guga. Muka duba, ashe igiyar dutsen gugar ta tsage a gindi, daidai inda take shiga jikinsa, wuta na taɓa ƙarfen. Allah kaɗai ya san tun yaushe take haka ana riƙe shi da hannu. Muka canza igiyar, bai sake faɗuwa ba.

Yanzu duk wata shida ina danna maɓallin gwaji da ke jikin kowane RCBO. Ya kamata ya faɗi nan take, in mayar da shi. Wanda aka danna bai faɗi ba ya daskare ne a ciki, sai a kira mai gyara ya canza shi a ranar. Cikakken gwajin wayarin kuwa, shawarar da ake bi a Birtaniya ita ce kada ya wuce shekara 10 a gidan da mai shi ke ciki, shekara 5 a gidan haya, kuma a sake yi duk lokacin da gida ya canza hannu. Dattijon ya rubuta shekarar da za a sake gwada namu a cikin murfin akwatin.